Takardar da na cike da ƙarya a kasuwar Maigatari

Ko da na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ba na jin makonni ukun nan za su fita daga raina.

Dillalin shanu ne ni. A shekarar da abokin sana'ata ya rasu a hatsarin mota, na ga yadda gidansa ya watse cikin wata shida, aka raba wa dangi yaran. Ni ma 'ya'yana biyar, babbar ba ta gama firamare ba. Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Wata Alhamis wani ma'aikacin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, ya same ni a kara, wurin cinikin shanu, ya baje mini takardu biyu.

"Alhaji, wannan sai likita ya gwada ka. Kuɗinta da sauƙi, abin da iyali za su samu kuma da auki. Wannan kuwa babu gwaji, tambayoyi kawai za ka amsa, amma ta fi tsada, abin da ake bayarwa bai kai na farko ba."

Na ce, "Ba ni maras gwajin."

Ya yi dariya. "Kai da kake buɗe bakin bijimi ka ƙirga haƙora kafin ka taya?"

Na ji haushi ƙwarai, don ya taɓa inda ke mini ciwo. Wani mai kemis a Sule Tankarkar ya taɓa ɗaura mini abin awo a hannu, ya ce jinina ya hau, in je asibiti. Ban je ba. Jiri na ɗibata a tsakiyar kasuwa, ni kuwa in ce rana ce. Tsoro nake ji, wallahi, tsoron abin da likita zai faɗa.

Da na iso tambayar ko an taɓa ce mini ina da hawan jini, sai na zaɓi "a'a". Amma na kasa miƙa takardar. Mako uku tana aljihuna. In fito da ita a tasha in duba, in mayar. Abinci ya daina shiga, ciniki biyu suka kuɓuce mini don hankalina ba ya wurin.

Ranar wanki maiɗakina ta tsince ta a riga. Ta yi boko, ta karanta tsaf, har da ƙananan rubutun da ni ban kula ba. Ta same ni a zaure.

"Malam, nan an ce in aka gano ƙarya, ba za a biya ko sisi ba. Ka sani?"

Na hau faɗa, na ce wa zai gano?

Ta ce, "Ranar da za a bincika ai ba ka nan. Ni za a zaunar ina takaba a tambaye ni. In rantse a kan ƙarya, ko in tona maka asiri kana kabari? Wanne ka zaɓar mini?"

Washegari na hau mota zuwa Gumel aka gwada ni. Jinin ya hau sosai, likita har ya yi mini faɗa. Masu takaful ɗin suka karɓe ni a tsarin mai gwajin, da ƙarin kuɗi, ni kuma na fara shan magani har yau.

Maras gwajin ba ta da laifi, akwai waɗanda ita ce daidai da su. Ni dai ɓuya na je yi a cikinta. Abin da na koya shi ne, duk tanadin da za ka yi wa iyali, ka yi shi yadda matarka za ta iya amsa kowace tambaya ba tare da ta sunkuyar da kai ba.