Maikano da Ƙamus ɗin Shanu

Ranar wata Juma'a a kara, kasuwar shanun Wudil, wani bijimi ya soka ƙahonsa a tazugen Maikano ya ɗaga shi sama. Wando ya zauna a ƙaho, mai wando ya dira ƙasa. Duk kasuwa ta ga abin da ta gani. Shi ko ko rufe jiki bai fara yi ba, littafinsa ya rarumo daga cikin kashin shanu yana gogewa.

Wannan littafi tun Bama ya faro shi, lokacin da yake soja aka kwashe su yaƙi. Kafin tafiyar ya auri Hansai, Bafulatanar Lajawa, mai kunya irin tasu. Ba ta kama sunansa, ba ta zama hira, "to" ɗinta ma sai ka kasa kunne. A dajin can, da ya laluba muryarta a ransa, sai ya tarar ba abin da ya riƙe. Ya riƙa bin wani Bafulatani abokin ramin ɓuya, yana rubuta sunayen shanu da ajami, Fulatanci nan, Hausa can. Bafulatanin bai dawo ba.

Da Maikano ya komo, ya karanta wa Hansai sunan farko. Ta ce ba haka ake faɗa ba, ta gyara, ta zarce da labarin saniyar kakarta. Ashe kunyar ba ta kai ga shanu ba. Tun daga ranar, kowace Juma'a yana kara, yana neman launi ko ƙahon da bai taɓa tambaya ba.

Daminar da bijimin ya tsiraita shi, Hansai na kwance, ko kunu ba ta karɓa. Sai ya zauna bakin tabarma ya siffanta mata wata saniya, sannan take buɗe ido ta faɗi sunanta, ya lallaɓa ya ɗura mata ludayi guda.

Da yammacin ranar da abin ya faru, maƙwabcinsa Gwadabe ya tare shi a ƙofar zaure.

"Soja, an ce yau ka yi fareti ba wando. Wai ƙamus ɗin nan ba ya ƙarewa ne?"

Maikano ya cusa littafin a aljihu.

"In ya ƙare, da me zan sa ta buɗe baki? Kai ka huta, Gwadabe, taka matar ba sai an tambaye ta ba. Sunayen da take kiran ka da su, duk unguwa mun haddace."