Marjorie Raine da Kalmar da Suka Ce Ta Mutu

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, ƙanenki Wilf ya shigo gidan waya ko takalmi bai kakkaɓe ba, ya ce da ni, "Doreen, Yaya ta tafi." Haka na ji labarin rasuwarki, Marjorie, ina tsaye bayan teburin da na shekara talatin da ɗaya ina buga wa wasiƙunki hatimi. Kin bar duniya kina da shekara tamanin da uku. Na so in rubuta wannan da sanyin rai, zuciyar ce ta ƙi.

Kowa a kwarin nan ya san aikinki. Tun kina koyarwa kike karanta wa masu babban ƙamus na kudu tsofaffin littattafai, don ganin dama kawai. Duk kalmar da kika tsinta sai ki rubuta ta a 'yar takarda, da sunan littafi da shekara da shafi, ki ɗaure da zare ki kawo mini. Dubbai suka karɓa daga hannunki suna godiya. Guda ɗaya tak kika roƙe su, suka hana ki.

Kalmar ita ce "ambrosi". Ke kika koya mini tarihinta, kina tare mini layi mutane na tsaki a bayanki. Kika ce daga Girkawa ta taso, sunan abincin allolinsu ne, wanda ya ci ba ya mutuwa. Ta bi ta Latin da Faransanci ta iso mana, masu wa'azi suka kira abincin sama da ita, masu magani suka laƙaba wa wani ganye. Daga nan masu ƙamus suka buga mata ɗan gicciyen nan da suke sa wa kalmar da ta mutu, wai an yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya furta ta.

Ba wanda ya furta ta! Mu fa? A kwarin nan, burodin da ake jiƙawa a madara mai ɗumi da zuma a ba mai jego, ko majinyacin da haɗiya ta gagara, da wane suna muke kiransa? Lokacin da mijina Len ya kwanta ciwon ajali, kullum sai kin ratso dusar ƙanƙara da kwano a lulluɓe, ki ce masa, "Buɗe baki, kai ragon banza, abincin alloli na kawo maka." Ya yi dariya ya ci. Shi ne abu na ƙarshe da ya shiga cikinsa, kuma ban manta ba.

Sau tara kina rubuta wa Dakta Pembury, editan ƙamusin da ke riƙe da harafin A, kina roƙon ya ɗauke gicciyen, sau tara amsa ɗaya: ƙa'idarsu sai abin da aka buga a takarda, maganar baki ba shaida ba ce. Wato bakin kakarki bai kai darajar tawada ba. Na ce miki, "Haba Marjorie, ki aika wa jaridar gari wasiƙa ki cusa kalmar a ciki mana, a huta." Kika kalle ni ta saman tabarau kika ce, "In shuka da hannuna in dawo in ce tsintuwa na yi? Doreen, kina da hankali kuwa?" Taurin kanki ya ba ni haushi ranar, har yau ma yana ba ni.

Da Wilf ya ce in rubuta sanarwar rasuwarki a jarida, hawaye nake, ban yi tunanin kowane ƙamus ba. Na rubuta cewa kin ci ambrosinki cokali biyu, kika yi barci. Sunansa ke nan, me zan kira shi?

Jiya wasiƙa ta iso daga kudu, da sunanki a baya. Ashe ba su ma lura ko sanarwar wa suka karanta ba. Wilf ya buɗe a gabana. Dakta Pembury na farin cikin sanar da ke cewa wani mai karatu ya aiko musu shaida daga jarida, za su ɗauke gicciyen. Sunan da za su sa a ƙarƙashin shaidar kuwa nawa ne, ni da ban taɓa buɗe ƙamusinsu ba. Wilf ya ninke takardar ya ce, "To, sun kyauta," ya fita ya bar hularsa.

Ban yafe musu ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarinki in ce na yafe ba.

Allah ya jiƙanki, Marjorie, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa, ya ciyar da ke abincin da ba a mutuwa bayansa. Wilf, da Gwen 'yar Marjorie da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ni kuwa gobe zan amsa wa Dakta wasiƙarsa. Zan gaya masa gicciyen da ya ɗauke bai ɓata ba, mun kafa shi a kan kabarinki ranar Litinin.