Doya Dubu Ɗaya da Tara

A ƙauyenmu kusa da Manchok, da an gama addu'ar yamma sai mu kewaye murhun Kaka Ladi, mahaifiyar mamata. Tana gasa masara tana korar hayaƙi da zani. Hausarta a karye take, takan ce wa mace "shi", amma ba wanda ya taɓa dariya in ta fara tatsuniya.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. "Wani manomi ya mutu, ya bar 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, da doya dubu ɗaya da tara a rumbu."

Mazan suka zauna rabo. Aka kasa uku, ɗaya ta rage. Suka kira ƙanin babansu aka kasa huɗu, ɗaya ta rage. Suka gwada shida, suka gwada bakwai, har tara, kullum doya guda tana zaune a tsakiya. Da suka kasa biyar sai huɗu suka rage, rigima ta ƙaru. Ƙanwarsu ta ce su ba ta ɗayar nan, sauran za su rabu daidai. Suka ce mace ba ta cin gado. A yanka doyar gida uku kuma, babban ya ƙi. Suna ta ƙirga har ruwan sama ya sauka, doya ta ruɓe a rumbu.

Na tambaye ta, "Kaka, ita macen fa?"

"Shi ya tafi da yunwa, jikata. Ci masararki."

Sai da na zama malamar lissafi a Kafanchan na gane lambar nan. Ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Amma a cire mata ɗaya tak, sai ta rabu biyu, uku, huɗu, shida, bakwai, takwas, tara, ba ragowa. Ban san inda Kaka ta samo ta ba, ita da ba ta shiga aji ba.

Da Kaka ta rasu ta bar gonar citta. A lokacin babana ya riga ya mutu, Mama tana ɗakin haya da mu huɗu. Ta je wurin yayyenta, Kawu Bitrus da Kawu Yohanna, ta roƙi gefe guda ta shuka abin da za mu ci. Ina tsaye a bakin ƙofa Kawu Bitrus ya ce, "Saratu, gonarki tana gidan mijinki."

Bayan haka su biyun suka kasa shiryawa kan iyaka. Fasto ya sa baki, dagaci ya sa baki, daga nan sai kotu. Ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya sa fartanya a wurin.

Ina yarinya na ɗauka laifin lambar ne. Ashe a bakin murhun nan kawunnena ma suka girma, sun ji labarin tun kafin a haife ni, sun kuma san wadda ta tafi da yunwa. Mama ta rasu bara a ɗakin hayar. Na bi ta gonar bayan jana'iza, ciyawa ta fi ni tsawo.