Sojan da Kawu Yake So

Ina shekara ta biyu a jami'a na zo hutu Dakoro. Bursu, kuɗin tallafin ɗalibai, ya yi wata uku bai fito ba, takalmina ya huje. A lokacin ne aka yi shelar ɗaukar soja.

Kawuna, yayan innata, dillalin raguna ne. Mutum ne da ko daga tabarma zai tashi sai ya dafa bango, amma ranar ya shigo gidanmu yana zancen kishin ƙasa kamar shi ya kafa ta.

"Kai, aje takardun nan," ya ce mani. "Ga masu lisansin jami'a can suna kabu-kabu a Maraɗi. Soja kuwa ga albashi, ga kaki, ga girma. Wa za ya taka ka?"

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na gaji da garin rogo a ɗakin jami'a da muke kwana mu shida. Har na haɗa dosiye: takardar haihuwa, hotuna, shaidar bak ta gama sakandare.

Ranar kasuwa inna ta aike ni in kai wa Kawu fura. Na same shi ya ba ni baya, yana cika baki gaban wani mai shanu daga Korahane.

"Bana zan samu soja a gida," in ji shi. "Duk shingen da aka tsai da motar raguna, waya ɗaya zan buga."

Mai shanun ya ce, "Wane ne cikin ɗiyanka?"

Ɗiyan Kawu uku ne, ƙarti, kowane shi kaɗai yake ɗaga rago ya jefa mota.

"A'a, nawa ƙirjinsu babu ƙarfi. Ɗan ƙanwata ne. Maraya ne, ba shi da abin rasawa."

Mai shanun ya dube shi. Sannan ya ce ƙanensa soja ne, yana bakin iyaka da bindiga, uwarsu ba ta barci. Ya ja sansa ya nufi wani dillali.

Na aje ƙwaryar na ce, "Kawu, ga furarku." Ya juyo, ya san na ji. Abin da ya tambaya shi ne ko an sa sukari.

Da na gaya wa inna, ba ta zage shi ba. Ta karɓi dosiyen ta kulle a akwatinta, ta sayar da akuyarta ta ba ni kuɗin motar komawa jami'a. Ba ta hannun yayanta ta sayar ba.

Na gama karatu, yanzu ina koyarwa a Birnin Lalle. Ranar sunan ɗiyata Kawu ya zauna tsakiyar maza, maiƙo har gemu, yana faɗa masu shi ya tsaya tsayin daka sai da na gama jami'a. Na ƙara masa nama don ya yi shiru.