Goro a Bayan Kwaɗon Hukuma

Ana sallame sallar asuba muka bar Tamale, ni da abokin cinikina, mutumin da in ya shiga mota sai barci. Tun da na dawo kuke tare ni da tambayar yadda na baro Kumasi, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Kun san gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Ana cikin haka labari ya iso mana cewa 'yan sanda sun garƙame siton Alhaji Tanko, maigidanmu na Zango, unguwar baƙi ta Kumasi. A gidansa muke sauka, shi yake saya mana goro ya adana har mu zo, kuma goronmu na bana kaf yana cikin siton nan. Da fushina na tafi, ina cewa ko ƙofar zan ɓalle sai na kwaso kayana.

Motarmu kusan wayam take, amma duk wadda ta fito daga kudu maƙil take da mutane har saman kaya. Katifu, turame, kekunan ɗinki, ga tsofaffi rungume da buta. A bakin ruwan Yeji muka daɗe muna jiran jirgin fito. Kifin banda ya yi tsada, don masu ci sun yi yawa, amma kayan ɗaki sun zama banza. Wani Bazabarme ya bi ni da gadon ƙarfe a kuɗin da bai kai na kaji biyu ba, ya ce direba ya ƙi ɗaukar masa. Araha ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ranar. Ban saya ba, na dai raba kifina da shi.

A Atebubu muka ci gasasshiyar doya da manja, mai zafi har tana ƙona yatsa. Abokina bai farka sosai ba sai a gangaren Mampong, inda hanya take murɗewa a gefen dutse. Ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya kama salati, bai saki ba har muka sauka tashar Race Course a Kumasi.

Zango ya yi sanyi. Layin da a da sai ka ture mutane kafin ka wuce, yanzu kana jin ƙarar takalminka. Wajen Akwatia Line shaguna da yawa a kulle, mai wake da shinkafar da muka saba ci a wurinta ta tafi, teburinta yana jingine da bango. Muka sami Alhaji a zaure. Al'adarsa, baƙo bai gama zama ba ya miƙa masa goro, haka kuma ranar tafiya, da hannunsa yake ba ka na sallama. Ya sa hannu a aljihu kamar kullum, hannun ya fito ba komai.

Ya ce, “Ɗana, ka yi haƙuri. Yau gidan goro ba goro.”

Nan fushina ya zube. A Zangon nan aka haife shi. Iyayensa ne suka zo daga wajen Maraɗi da ayarin jakuna, shi kuwa ko hanyar Maraɗi bai sani ba, Tuwi ma, yaren Asantawa, ya fi wasunsu iyawa. Bai taɓa neman takarda ba, don bai taɓa jin cewa shi baƙo ne ba. Wani ya kai ƙara cewa baƙo yana ciniki ba izini, aka sa wa sito kwaɗo, magana ta tafi kotu. Ni ma ubana daga ƙasar Hausa ya zo. Abin da ya raba ni da Alhaji kawai shi ne uwata 'yar Dagomba ce, 'yar asalin ƙasar nan.

Wanda ba ya sana'ar nan ba zai gane tashin hankalinmu ba. Goro ba gishiri ba ne da za a kulle a manta. Sai ana kwance huhu, wato ƙunshin goron, ana canza ganye, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya yi sankara, wato ya fara ruɓewa, kafin ya shafa wa sauran. Ga rufin kwano, ga zafin Kumasi. Kuma kayan ba na Alhaji kaɗai ba ne, amanar mutane ce daga Bawku har ƙauyukan Asante. Da na kara hancina a jikin ƙofar siton, na ji tsamin ya fara tasowa.

Ranar zaman kotu muka yi sammako. Harabar cike take da irinmu, masu shago, mahauta, teloli, kowa riƙe da lauyansa ko carbinsa. A bakin ƙofa muka haɗu da Mami Akosuwa, Ba'asantiyar da take kawo wa Alhaji goro daga ƙauye tun tana budurwa. Ta ɗaura zaninta na zuwa coci, ta zo ba wanda ya kira ta.

Ta ce mini da 'yar Hausarta mai gauraye da Tuwi, “Wannan mutum nan aka haife shi, uwana ya san uwanshi. Ina zai tafi? Ba shi da ko'ina kuraa, ko kaɗan.”

Majistaren matashi ne, da ganinsa ya gaji. Ta bakin tafinta ya ce bai musa an haifi Alhaji a Kumasi ba, amma dokar zama ɗan ƙasa an taɓa ta fiye da sau ɗaya a 'yan shekarun nan, kuma ko haihuwa kaɗai ta isa, wannan sai kotun sama ta faɗa. Ya ɗaga shari'ar. Na ji kamar in yi ihu. Lauyan Alhaji ya miƙe ya roƙi a dubi kayan da ke sito, Mami kuma ta ɗora da Tuwi daga inda take zaune, har ɗan sanda ya daka mata tsawa. Majistaren ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale ta. Ya ce ya san goro, uwarsa ma shi take sayarwa. Ya juya alƙalami, sannan ya yanke: a riƙa buɗe sito da safe a gaban ɗan sanda, 'yan ƙasa su shiga su gyara kaya. Ba a sayarwa, ba a fitar da ko ɗaya. Alhaji kuwa kada ya shiga, kada ya taɓa, don taɓawarsa ciniki ne. Iyakar abin da doka ta bar wa majistaren ke nan, kuma na ga bai ji daɗin faɗin na ƙarshen ba.

Da aka buɗe ƙofar, zafi da wari suka buge mu. Huhunan da ke kusa da rufi sun tafi, sai zubarwa. Na ƙasa da sauran rai. Ni da abokina da Mami muka duƙufa, muna kwancewa, muna tsincewa, muna shimfiɗa sabon ganye. Alhaji ya sa benci a tsallaken kwata, hannayensa a kan gwiwa, yana kallo. “Na kusurwa, ɗana, fara da na kusurwa, na wata gwauruwa ce.” Wani lokaci sai ya yunƙura kamar zai taso, ya tuna, ya koma. Ɗan sandan ma kau da kai yake yi. Mun ceci fiye da rabi. Mami ta ce mu koma gida, ita za ta ci gaba da zuwa har kotu ta gama.

Da safiyar ranar da za mu taso, Alhaji ya rako mu har bakin titi. Ya ce mu ɗan jira. Ya taka zuwa wurin wata tsohuwa mai tiren goro a gindin fitila, ya tsaya yana zaɓe kamar kowane mai saye. Tsohuwar ta gane shi, ta ƙi karɓar kuɗi, shi kuma ya ƙi ɗauka sai ta karɓa. Mutumin da motoci suke lodi a ƙofarsa, shi ne ya sayo goro biyu a tire, ya ba ni fari, ya ba abokina ja.

Ya ce, “Ba a sallamar baƙo hannu wofi. Ku gai da gida.”

A hanyar dawowa abokina bai runtsa ba, ko a Mampong bai kama salati ba. Mun iso Tamale lafiya, ba huhu ko ɗaya. Abin da na koyo shi ne, ana rubuta doka a ofis don a gyara kasuwa, amma a kan mutum take sauka, kuma masu aiwatar da ita ba duka ne marasa tausayi ba. Har yanzu kotun sama ba ta ce komai ba, Alhaji yana nan a kan bencinsa. Goron nan fari ban ci ba. Na naɗe shi a ganye, ina yayyafa masa ruwa kowace safiya, sai ranar da na ji an mayar masa da mabuɗinsa zan fasa shi.