Garin Gansakuka a Miyar Surukina

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da shekarar da aka ce ina yi wa surukina barbaɗe. Yanzu nakan ba da labarin ina dariya, amma a lokacin aurena ne ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Abin da ya jawo duk wannan bai wuce wani koren gari da kwalbar man zaitun ba.

Ni 'yar Jega ce, aure ya kai ni Aliero, gidan manoman albasa. Babban gida ne, maigidana da 'yan'uwansa duk a ciki suke da iyalansu. Mahaifinsu, wanda kowa ke kira Baba, yana ɗakinsa kusa da zaure. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, saboda haka mu matan 'ya'yansa ne ke kai masa abinci, kowa da akushinta. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta da. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na kawo tuwo sai in cire takalmi, in durƙusa daga bakin ƙofa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in ajiye in juya. Ko ruwa ban taɓa kurɓa yana kallo ba.

A ƙarshen daminar wannan shekarar zazzaɓi ya kwantar da shi, har aka kai shi asibiti a Jega. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da mutumin. Baban da ke zagaye fadama da ƙafa ya koma sai an kama shi zai fita alwala. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, ya ba da ƙwayoyi, ya kuma ja kunnenmu cewa ƙwaya kaɗai ba za ta tashe shi ba, sai da abinci mai gina jiki, irin su wake da kifi da hanta da zogale. To, ga tsoho ba haƙora, ga bakinsa ba marmari. Da ya taɓa tuwo sai ya ture akushi ya ce ya ƙoshi.

Maigidana yana kai albasa kudu. Wata dawowa da ya yi sai ya kira ni ɗaki, ya fito da kwalbar man zaitun da wata roba cike da gari kore shar, kamar garin kuka amma ya fi shi duhu. Na buɗe na shinshina, wani ƙarni ya buge ni kamar na busasshen kifi.

"Wanga kuma mi na?" na tambaye shi.

Ya ce, "Gansakuka ta. Ba irin ta tabki ba hwa. Nomanta a kai cikin ruwa mai tsabta, a shanya, a niƙa. Na biya na gwada ma likita, ya ce abinci na, ba magani ba, shina taimakon jini da ƙarhin jiki, amma kar a hwasa ba shi ƙwayoyinai. Man kuma ki riƙa zuba mai kan tuwo ɗanye, ba a soya shi ba."

Na ce, "To wa za shi tsaya gaban Baba ya ce mai ga gansakuka ya ci?"

"Ba mai hwaɗa mai. Ki sa cikin miyar kuka, kore cikin kore, wa ka ganewa?"

Wannan magana ta "wa ka ganewa" ita ce ta kusa raba ni da ɗakina. Na juye garin a wani tsohon gwangwanin madara don kada yara su ga robar su kai labari, na tura shi bayan kwalla. Kullum in na sauke miya sai in ɗebi ta Baba daban, in shiga ɗaki in barbaɗa kaɗan, in ƙara daddawa ta danne ƙarnin, in tsiyaya man a kan tuwo. Wata rana in daka kifi in zuba, wata rana zogale.

Ba zan ce garin ne kaɗai ya yi aikin ba, don ga ƙwayoyin asibiti, ga kifi, ga addu'a. Amma dai abin da ido ya gani shi ne, kafin albasa ta isa cira Baba ya fara miƙewa. Man ya sa tuwon na wuce masa ba wuya, cushewar cikin da ke damunsa ta sake shi, tafin hannunsa da ya yi fari ya soma ja. Akushina ya riƙa dawowa a suɗe. Wata safiya muka ji shi a waje yana yi wa masu ɗaura rumbun albasa faɗa, gidan duka aka yi ta hamdala. Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a: in aka kawo masa abinci sai ya tambaya ko na 'yar Jega ne, in ba shi ba ne ya ce a ba yara. Ni kuma, sakarya, sai daɗi nake ji.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo dubiya daga Maiyama. Ƙanwar Baba ce, doguwar tsohuwa mai ɗan siririn ido, irin mutanen da in sun shigo gida sai sun san abin da ke ƙarƙashin kowane faifai. Ta zo ganin majinyaci ta tarar da shi yana cin tuwo har da neman ƙari. Maimakon murna sai ta zuba ido tana kallo. Da ta ji ya mayar da akushin matar babban ɗansa, ya ce sai nawa, na ji ta tana cewa a tsakar gida, ba ta ma rage murya ba, "Ruwa ba ya tsami banza. Yayana da ko ga uwarmu bai zaɓen tuwo, yau shi na ka kiran sunan suruka?"

Tun daga ranar na samu mai gadi. In ina tuƙa tuwo tana zaune kan turmi tana jan carbi, idonta na kan hannuna. In na shiga ɗaki da kwano sai in ji takunta a bayan labule. Ni ma sai na shiga yin abin kamar ɓarauniya, ina leƙe kafin in jawo gwangwani. Ka san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan leƙen nawa shi ya ƙara tabbatar mata biri ya yi kama da mutum.

Ranar da dubuna ta cika, da hantsi ne, maigidana ya riga ya bi mota zuwa kudu. Na buɗe gwangwani ke nan, garin na tsakanin yatsuna, sai labule ya ɗaga.

"Mi kiz zuba cikin miyag ga?"

 In ce kuka ce, ƙarya, ga ƙarni ya cika ɗaki. In ce gansakuka ce, wa zai yarda mai hankali na ba surukinta gansakuka don alheri? Na dai ce maigidana ne ya kawo. Ta fizge gwangwanin, ta hango kwalbar man zaitun ta haɗa da ita. A wajenta man ma shaida ne, don ita a saninta ba a ajiye man zaitun sai inda ake fama da iska ko sammu. Ta ce wato na san abin da nake taɓawa, shi ya sa nake shafe jikina da shi kada ya dawo kaina.

Kafin azahar gidan ya ɗauka. Aka ce mallaka nake nema, in juya tsoho ya ba mijina fadamar da ta fi kowace ruwa. Aka kira maigidana a waya, ya rantse shi ya sayo, ya ce har likita ya gani. Gwaggo ta karɓi wayar ta ce, "Ai dole ka ce haka, ɗana. Kai anka hwara ba ka ci." Na tono robar asali mai rubutu a jiki na kawo, ta ce bokayen zamani har hatimi gare su. A ranar na gane in zargi ya zauna a zuciya, duk shaidar da ka kawo abincinsa ce, ƙiba kawai yake ƙarawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba. Da labari ya kai masa bai yi faɗa ba, bai kira ni ba. Ya dai daina ci. Ba nawa kaɗai ba, na kowa, don ya ce tunda tukunyar da ya fi amincewa da ita ga abin da ke cikinta, bai san ta wa zai yarda da ita ba. Sai ɗan ruwan fura da Gwaggo ke dama masa da hannunta. Muna kallo jikin da aka sha wahala aka tara ya fara zubewa, ya koma kwanciya. Wannan ma aka ce alama ce, wai asirin ne ke karyewa.

Gwaggo ta aika Maiyama aka zo da wani malami ya yi masa ruƙiyya. Ina daga bayan danga ina kallo, malam ya buɗe jaka ya fito da kwalbar man zaitun, ya yi tofi a ciki, ya ce a riƙa ba shi cokali safe da yamma. Baba ya buɗe baki ya sha ba musu. Wallahi ba don halin da nake ciki ba da na yi dariya. Man da ya zama shaidar mugunta a ɗakina, ga shi ya zama waraka a jakar malam. Aka miƙa wa malamin gwangwanina, ya shinshina, ya juya shi, ya ce shi bai san wannan ba, abin da bai sani ba kuma ba ya yanke hukunci a kai. Ya ce, "Mai shi tana gidan ga. Kun zamna kun tambaye ta?" 

Washegari Gwaggo ta ce in haɗa kayana in je Jega in huta har mijina ya dawo. Duk macen da ta yi aure ta san irin wannan hutun, ba kowace ke dawowa daga shi ba. Kuma in na fita da wannan suna, ko na dawo shi zai riga ni shiga kowane gidan biki, 'ya'yana su tashi ana nuna su. Na ɗaure kayana, na zauna a kansu, sai zuciya ta ɗebe ni. Na tashi na hura wuta, na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka. Na je na ɗauko gwangwanin a inda Gwaggo ta ajiye shi, tana kallo.

Baba na kishingiɗe a inuwar darbejiya, 'ya'yansa na gefe. Ban tsaya a inda na saba tsayawa ba. Na wuce har bakin tabarmarsa na zauna. Na buɗe gwangwani a gabansa, na barbaɗa garin a miya fiye da yadda nake sa masa, na tsiyaya mai, na yi bisimilla na kai loma. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ci, na ƙara, hawaye na sauka cikin akushi.

Sannan na ce, "Baba, gansakuka ta. Ɗanka yas sawo, likita ya gani. Mun ɓoye ma don mun san in ka ji sunanta ba ka ci. Ban da wannan ba abin da nis sa ma."

Ya daɗe yana kallona. Wannan ne karo na farko da na ga ƙwayar idonsa sosai.

"Gansakuka," ya ce. "Wadda kwaɗi ka kwana ciki."

"Ba irinta ba, Baba. Nomanta a kai."

Ya girgiza kai. "Da kun hwaɗa min, da na ƙi. Wannan gaskiya na. Amma da ƙin nawa na. Tsuhwa niy yi, ɗiyata, ban koma jariri ba da za a yi min ɗura." Ya jawo akushin gabansa. Gwaggo ta yunƙura za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Wadda tac ci tuwo gabana ta hita suruka, ta zan ɗiya. Ba a korar ɗiya daga gidan ubanta. A kwance kayanta." Ya sa hannu a inda na ci ya ɗebi loma.

Daga ranar gwangwanin ya koma ɗakinsa. Shi yake barbaɗawa da kansa, ran da ya ga dama ya sa, ran da bai ga dama ba ya ce yau kwaɗi su ci abinsu. Jikinsa ya sake dawowa a hankali, ya ga wasu daminu bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Maigidana kuwa, da ya dawo daga kudu, ya sha faɗan da bai taɓa sha ba a wajen Baba tun yana yaro. Gwaggo kuwa ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Har yau in ta zo daga Maiyama da furarta take zuwa a ƙwarya, in na kai mata tuwo ta ce azumi take. Na daina jin haushinta, don ita abin da ta gani da idonta ta gani: suruka a bayan labule tana zuba gari a abincin yayanta.

Ina amfani da man zaitun har gobe, nakan kuma ba masu jinya labarin garin nan in ce su tambayi likita. Amma darasin da na ɗauka ba na abinci ba ne. Komai amfanin abu, in za ka ba babba, ka faɗa masa sunansa, ka bar shi ya karɓa ko ya ƙi. Alherin da aka yi a ɓoye ba ya da bakin kare kansa, duk wanda ya fara ganinsa shi ke raɗa masa suna.