Datti Mai Toka da Filin Zakarun Gabas

In ka taso daga Gaya ka nufi Ajingi, ka tsaya a Gafasa ka ce kana neman Datti, za a tambaye ka wanne. Amma ka ce Datti Mai Toka, to ko matan da ke surfe za su nuna maka gidansa da baki. Dogo ne siriri, mai ɗan doro, kuma bai taɓa sa ƙafa ya bugi ƙwallo ba a rayuwarsa. Wallahi ko sau ɗaya. Duk da haka shekara goma sha tara shi yake zana layukan filin Zakarun Gabas, kuma har yau ba a sami wanda ya ce ya ga layinsa ya karkace ba.

Su uku suka kafa ƙungiyar. Alhaji Badaru, ɗan kasuwar hatsi a Gaya, shi ya kawo riguna da takalma, daga baya har da mota. Malam Muhammad Bashir na Toranke, malamin firamare, shi ya tattaro 'yan wasa ya horar da su. Abin da suka rasa shi ne fili. Datti kuwa yana da gonar gado a bakin hanya, a shimfiɗe kamar faifai, tasu ce shi da yayarsa Lauratu, ba a raba ba. Aka zauna a zauren mai unguwa, aka raba goro, aka shafa Fatiha, aka ce ƙungiya ta mutum uku ce. Takarda? Haba, wa zai kawo zancen takarda tsakanin mutanen da suka san iyayen juna!

Mutum ɗaya ce ta yi magana mai kama da takarda a ranar, ita ce Lauratu. Daga bayan zana ta ɗaga murya ta ce, "Na yarda, amma ku sani aro ne. Duk daminar da ta zo ta wuce ba a buga ƙwallon nan ba, gona ta koma gona."

Maza suka yi dariya, Alhaji Badaru har da tafawa. Mai unguwa dai ya ce an ji, an kuma shaida.

Tun daga nan Datti ya zama bawan filin nan, kuma ba wanda ya sa shi. Shekara biyu ya yi a tsugune yana tsince tsidau da ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, har yatsunsa suka daina jin ƙaya. Da damina, in ciyawa ta yi tsawo, sai ya je ruga ya roƙi makiyaya su sako shanu na yini biyu, su yi wa filin aski, shi kuma ya bi da kwando ya kwashe kashin ya kai wa maƙwabta. Toka kuwa matarsa Hanne ce take tara masa daga murhu, ta tankaɗe ta da rariya, ta zuba a buhu. Ranar wasa zai kafa turaku, ya ja igiya, ya bi ta a sunkuye yana zuba tokar da tafin hannu. In ya gama ya miƙe ya dafa ƙugu ya duba, a ransa ba ya ganin akwai wanda ya fi shi a ƙasar Gaya da Ajingi. Wasan kansa bai dame shi ba. Ana ihu an ci, shi hankalinsa yana kan 'yan kallon da ke taka masa layi.

To, sai Allah ya ɗaga Zakaru. Suka yi ta cin wasa har suka haye rukunin ƙwararru, inda ake biyan ɗan wasa albashi, ake kuma kiran sunan ƙungiya a rediyo. Ka ji mafarin tsiya. Masu shirya gasa suka ce sai an kawo takardun rajista da sunan shugaba. Alhaji Badaru ya je birni ya yi rajistar, ya sa sunansa a sama, bai gaya wa kowa ba. Da Malam Bashir ya ji, ya ce shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a rana yana busa usur ba zai zama ɗan aikin wani ba. Aka yi cacar baki, dattawa suka shiga, aka kai ruwa rana, abin ya ƙi. Malam Bashir ya ɗauki lauya ya maka Alhaji a kotu, Alhaji ma ya ɗauki nasa. Mai unguwan da aka yi Fatiha a gabansa kuwa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa.

Sai ga kowa ya tuna da Datti, tunda shi ne na ukunsu. Alhaji ya zo da mota har ƙofar gida.

"Malam Datti, kai ka san wanda ya ɗauki nauyin ƙungiyar nan. Ka faɗi gaskiya kawai."

Bayan kwana biyu Malam Bashir ya zo a babur, shi ma gaskiyar yake so a faɗa. Da ranar ta zo Datti ya tsaya gaban alƙali, ya ce shi dai abin da ya ji an ce, ƙungiya ta mutum uku ce, ba a ce wane ya fi wane ba. Daga ranar Alhaji ya daina amsa sallamarsa da kyau, Malam Bashir kuma in ya hango shi a kasuwar Gaya sai ya kau da kai.

Kai, Datti ya ga ta kansa da zirga-zirga! Ya hau acaɓa zuwa Gaya, ya shiga mota zuwa birni, ya zauna a benci tun hantsi ana ta Turanci a kansa, can sai a ce an ɗage. Yau lauyan wannan ba shi da lafiya, gobe na wancan ya yi tafiya, jibi a ce an shiga hutu. Ya dawo da yamma ƙafa a kumbure, Hanne ta ce, "Malam, yaya aka yi?" Ya ce, "An ɗage." Har ta daina tambaya, sai dai ta ajiye masa ruwa.

Abin da ya karya shi, umarnin da kotu ta bayar tun a zaman farko: kada kowa cikin su ukun ya yi wata harkar ƙwallo da sunan Zakaru, ko a filin Zakaru, sai an yanke hukunci. 'Yan wasa suka watse, wasu suka tafi ƙungiyoyin birni, wasu suka koma tuƙa a-daidaita-sahu. Damina ta zo ta wuce ba a taɓa ƙwallo ba. Datti ya yi ta zuba ido ya ga saƙon yayarsa, shiru. Lauratu mijinta ya rasu, gidanta cike da jikoki, gonar da take nomawa ba ta kai rabin filin nan ba, amma ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi yi masa nauyi a kan magana. Bai fasa zuwa tsince tsidau ba, Hanne ma ba ta fasa tankaɗe toka ba, buhuna suka taru a zaure.

Da bazara ta biyu ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Lauratu ta zo da kanta, da ƙwaryar irin gero a ka. Ta sauke a gabansa.

"Datti, na ɗaga maka ƙafa damina guda. Ka ga na yi maka gori?"

"A'a, Yaya."

"To bakina ɗaya ne. Kana wurin na faɗa."

Ya roƙe ta mako guda. Ya je wurin Alhaji ya ce don Allah a buga wasa ɗaya tak, ba suna, ba riguna, ko da ƙafa ba takalmi, don dai fili ya tsira. Alhaji ya ce lauyansa ya hana, wai duk wanda ya fara shiga filin ya raina kotu. Ya je Toranke, Malam Bashir ya ce in Badaru ya janye sunansa yau, gobe a buga. Datti ya tari lauyan Malam Bashir ya tambaye shi, shin in an shuka gero a filin an raina kotu? Lauya ya duba takarda ya yi murmushi ya ce a'a, ƙwallo aka hana, ba a ambaci noma ba. Ka ji fa!

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Washegari Datti ya saɓa sungumi ya shiga filin, Lauratu da Hanne suna biye da iri. Ƙasar da aka shekara goma sha tara ana tattakawa ta yi tauri, sungumi yana sara yana tsalle. Kwana huɗu suka yi a aikin da ake gamawa a yini biyu. Bai yi kuka ba, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Buhunan tokar nan ya kwaso su ya watsa a gonar a matsayin taki. Da gero ya tsiro, Lauratu ta bi tsakaninsa ta shuka wake. Ƙarafan raga ne kawai ya kasa tumɓukewa, ya bar su a tsaye.

Gero ya kai kafaɗa, ya fara fitar da kai, sannan aka yanke hukunci. Datti bai ma je ba, yana gona yana ta maimai. Kotu ta ba Alhaji shugabanci, Malam Bashir ya ce zai ɗaukaka ƙara. Da la'asar sai ga motar ƙungiya ta tsaya a bakin hanya, an wanke ta tana ƙyalli. Alhaji Badaru ya fito da takarda a hannu, ya tsaya yana waige-waige. Ya kwaɗa sallama sau biyu kafin Datti ya ratso gero ya fito da fartanya a kafaɗa.

"Malam Datti, mene ne wannan nake gani? Ina filin?"

"Ga shi nan, Alhaji. Inda kake tsaye nan ne ake bugun kwana."

"To ai na yi nasara! Ga takarda. A sare wannan abin a gyara wuri."

"Subhanallahi! A ina ka taɓa jin an sare gero da kai a jikinsa? Kai da hatsi ne sana'arka."

Alhaji ya san haka ne. Can ya ce, "To bayan kaka."

"Bayan kaka ba ni za ka tambaya ba. Aro ne, mai abu ta karɓi abinta. Kana wurin ta faɗa, har ka tafa."

Alhaji ya dubi takardar, ya dubi gonar. Daga bakin hanya ana gane filin sarai, domin gaban raga biyun nan, inda masu tsaron gida suka daddaƙe ƙasa, geron ya tsumbure bai wuce gwiwa ba. Datti ma can yake kallo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke fartanyarsa.

"Alhaji, ɗan matsa baya," ya ce a hankali. "Kana taka mata wake."